Ƙarar Fitila

A Hindawiyya nake, hawa na uku,
saman shagon mai gyaran na'urar sanyi.
Duwatsu nake ɗinkawa a hannun abaya,
ɗari biyu da sha shida kowane hannu,
ban taɓa ɓata lissafi ba.
Amma in maƙwabciya ta ce "ya gida?"
sai in tsaya ina auna
wane ɗaki take nufi.

Kakata da ƙafa ta iso ƙasar nan daga Haɗeja,
shekara bakwai a hanya,
ta haifi biyu, ta binne ɗaya.
Ni tsallaka Jidda kawai zan yi in ga likita,
sai da na yi wata huɗu ina ɗaura ɗamara.

Na farko bai ɗago kai ba.
Ya tambayi barci, ya tambayi ci,
ya rubuta ƙwaya
tun kujera ba ta ɗauki ɗumina ba.
Na sha kwana tara.
Duniya ta yi shiru kamar an kifa mata ƙwarya,
har allura ta daina gane yatsana.

Ta biyu akwai fara'a,
da turaren wuta mai shaƙe maƙogwaro.
"Barira, kalle ni cikin ido."
Na kalla. Ido ne mai kyau,
sai dai daga nan ban ƙara jin kalma ɗaya ba,
ni kunnena ba ya aiki in ido ya cika.
Ta rubuta wai ba na ba da haɗin kai.
Na karanta a juye, daga inda nake zaune.
Riyal ɗari uku. Abaya shida ke nan.

Inna Tasalla ta ce iska ce.
Yaya Sha'aibu ya ce shagwaɓa.
Likita na uku ya ce ki rage tunani,
kamar famfo ne, in murɗa ya tsaya.

Larabawa na cewa tawahhud,
mutanenmu na cewa galahanga.
Duka biyun rigar aro ce a jikina,
ɗaya ta matse kafaɗa,
ɗaya na jan ƙasa.

Sai wata Talata, kusa da Bab Makka,
bayan kantin magani, matakala ashirin da uku.
Dakta Ruwaida.
Ko sallama ban gama ba na ce:
"Fitilarki tana kuka."
Na jira dariyar da na saba.

Ta tashi ta kashe.

Ba ta ce wane kuka ba.
Ta juya kujerarta gefen tawa,
muka fuskanci taga tare
kamar masu jiran mota ɗaya.
Tattabaru biyu a kan eriya.
Na zaro duwatsu daga aljihu ina murzawa,
ba ta ce in ajiye ba.
Shiru ya zauna tsakaninmu, ba wanda ya kore shi.

Can ta ce: "Ban san irin kanki ba tukuna.
Na karanta littattafai, amma ba ki a ciki.
Za ki koya min?"

Ba waliyyiya ba ce.
Da zan fita ta dafa kafaɗata,
na zabura kamar an ɗiga min tafasasshen shayi.
Ta janye hannu, ta ce ta yi kuskure,
ta rubuta a takarda,
na leƙa a juye, kamar kullum:
laifin a kanta ta rubuta shi, ba a kaina ba.

Hausarta "sannu" ce kaɗai, gadon kakarta,
kuma tana jan ta fiye da kima.
Kuɗinta ma ba sauƙi.
Ban ce na warke ba,
ba a karye nake ba balle a ɗora ni.

Na dai ɗauki ƙarin abaya huɗu wannan makon.
Talata, bayan la'asar.
Ta ce zan tarar da ɗakin a kashe.